Shekarar da Na Cire Ƙofar Bayan Inji

Ranar sunan jikana, ɗan Habu, na ji ƙanwarku Bilki tana gaya wa wata baƙuwa wai idon Goggo Asabe gado ne, haka kakarsu ma ta yi. A lokacin bakina cike yake da nama, amma daga nan naman ya daina yi mini daɗi, kun kuwa san kafin nama ya ƙi yi mini daɗi sai an yi babban abu. To ku zauna in warware muku. Kakarku Inna har ta koma ga Allah da kanta take zura zare a allura, kuma tun daga zaure take hango ƙarya a fuskata kafin in buɗe baki. Babu makanta a zuriyarmu. Idon Goggonku aiki ne ya ci shi, aikin da aka rantse wa duniya cewa babu mai yin sa.

Abin ya faru ne lokacin da gwamnatin soja ta hana shigo da shinkafar waje, muna ƙarƙashin jihar Filato. Lafia ta rikice. Duk mai ɗan hali sai ya kafa injin casa, motoci na kwaso shanshera, wato shinkafar da ba a cashe ba, daga Assakio da Agyaragu, garin ya cika da ƙaiƙayi har akuya in ta yi atishawa dusa take fesowa. Shinkafarmu tana da daɗi, tana da auki, aibinta ɗaya ne: tsakuwa. A ƙasa ake shanya ta, a ƙasa ake tattara ta. In mutum ya shekara yana cin shinkafar Lafia ya tara abin da ya furzar, wallahi zai yi harsashin ɗaki har ya sam wa maƙwabci ragowa.

A nan ne maigidana ya shigo. Ba zan faɗi sunansa ba, ya riga mu gidan gaskiya, 'ya'yansa kuma suna gaishe ni a hanya. Mu dai Alhaji Otomatik muke ce masa a bayan idonsa. Shi ne ya sayo wani ƙaton inji kore daga Legas, na hannu wanda wani ya riga ya mora, wai mai tsince tsakuwa da kansa: ka zuba shinkafa ta sama, ka danna maɓalli, ta fito ta ƙasa tas kamar an wanke ta da sabulu. Ya sa aka rubuta allo a bakin titi, wanda faɗinsa ya fi ƙofar gidanmu, cewa shinkafarsa babu tsakuwa kuma hannun ɗan Adam bai taɓa ta ba. Injin ya yi aiki na ɗan lokaci, ba zan yi masa sharri ba. Kafin damina ta wuce wani abu ya karye a cikinsa. Aka ɗauko bakanike daga Makurdi, ya kwance, ya leƙa, ya share gumi, ya ce abin da ya karye babu shi a wannan ɓangaren teku. Abin da ya rage wa injin biyu ne: ruri da fitilu masu ƙyaftawa. Amma suna ya riga ya tafi har Jos, 'yan kasuwa na layi, Alhaji kuma ya fi son ya rasa hannu da ya sauke allon nan.

Sai ya gina ɗaki a bayan bangon da injin ya jingina da shi. Aka karkatar da bututun sama ya ratsa bango, duk abin da aka zuba ya faɗa cikin buhu a ɗakin baya. Aka fito da wani bututun daga ɗakin zuwa bakin injin na ƙasa. Maɓallin kuma aka haɗa shi da ƙararrawa. A ɗakin nan mata ne zaune a ƙasa, cinya da cinya, kowa da faifanta, suna tsintar tsakuwa ɗaya bayan ɗaya tun safe har la'asar sakaliya, suna tara tsintacciya a baho. In ƙararrawa ta kaɗa, ɗaya ta hau benci ta juye tsintacciyar a bututu, ta fito a gaban mai saye yana kabbara. Wannan shi ne otomatik ɗin gaba ɗayansa. Ni kuma aikina in saka farar riga irin ta likitoci, in danna maɓalli, in yi ta zuba surutu. Sule Rediyo ake ce mini tun ina yaro, kuma Alhaji ya ɗauke ni ne don bakina ya fi injin ƙara. Nakan ce wa 'yan kasuwa injin nan yana da ido dubu a ciki, yana gane tsakuwa ko ta yi shigar shinkafa ta yafa mayafi. Su yi dariya, su saya.

Ɗakin babu taga, sai 'yan ramuka a ƙarƙashin kwano da ƙwan lantarki guda ɗaya mai hasken kunu. Bangonsa ɗaya da wurin casa, saboda haka duk ƙaiƙayin da ya tashi nan yake sauka, a gashi, a maƙogwaro, a ido. An hana su waƙa. Ku yi tunani, mata a kan faifai a hana su waƙa! An hana su zuwa da goyo don kada jariri ya yi kuka a cikin injin Turawa. Ta lungun baya suke shigowa da kwanuka a ka kamar masu sayen dusa. Kowacce kuma sai da Alhaji ya sa ta rantse, Musulma da abin da ta yarda da shi, Kirista da nata, cewa ba za ta faɗa wa kowa aikin da take yi ba. In za a yi manyan baƙi, da hannunsa yake datse ƙofar da kwaɗo ya jefa makullin a aljihu.

Mai hawa bencin nan ita ce yayata Asabe, Goggonku. Mijinta ya rasu ta dawo gidanmu da 'ya'ya uku. Kafin nan ta yi shekaru tana auna shinkafa a kasuwa, har wuta ta cinye rumfarta. Alhaji ya ba ta benci ne don hannunta ya san mudu, in ta kalli abin da ya faɗo cikin buhu ta san daidai abin da za ta mayar. A shekarar da nake ba ku labari idonta na hagu ya fara ja, yana zubar da ruwa, tana ɗaure shi da gefen kallabi. Muka sayo maganin ɗigawa a kemis, Inna ta haɗa nata na gargajiya, babu abin da ya motsa. Sai wani farin tabo ya fito a kan baƙin idon, na dama ma ya fara ƙaiƙayi. A asibitin gari aka ce wannan sai Kano, kuma a yi sauri. Uwarku ta tare ni a tsakar gida tana riƙe da muciya.

"Malam, kai kana can kana ba mutane dariya, Yaya tana laluben buta da rana tsaka. Jiya gishiri ta zuba a koko."

Inna daga kan tabarma ta ce, "Ki bar shi, Larai. Wannan da bakinsa za a yi masa hisabi, sauran jikin ba shi da laifin komai don bai taɓa aiki ba."

Yaya Asabe kuwa cewa ta yi, "Ku ƙyale mini ƙane. Ƙura ce, za ta fita."

Washegari na sami Alhaji a ofis, na durƙusa na faɗa masa. Ya saurare ni yana juya carbi. Ya ce in kwantar da hankalina, akwai manyan baƙi da za su zo daga ma'aikatar gona ta Jos su ga injin, in suka gamsu za a sa sunansa cikin waɗanda gwamnati za ta tallafa wa. In ranar ta wuce lafiya, shi da kansa zai ba da mota da direba a kai Asabe Kano, ya ɗauki nauyin komai. Na yi godiya har goshina ya kusa goge masa takalmi. Muka jira baƙin nan. Aka ɗaga, aka sake ɗagawa, farin tabon yana faɗi, ita kuma tana hawa benci da ido ɗaya.

Ranar da suka zo an share fili, an yi wa injin sabon fenti, an rufe mata da kwaɗo tun hantsi. Babbansu wani darakta ne siriri mai tabarau, ba ya yawan magana. Na buɗe rediyo, na kai injin nan Jamus na dawo da shi, na ce ko ƙasar Makka aka zuba masa zai ware wadda annabawa suka taka. Sauran suna ta ƙyaƙyatawa, shi yana kallona kawai. Sai ya aiki direbansa mota, ya dawo da mudu da ƙullin shinkafa wadda suka saya a hanya, mai tsakuwa kamar an kwaso ta daga bakin rafi. Ya cika mudun, ya sa tafin hannu ya shafe bakinsa daidai wa daida, babu tozo. Ya juye a injin da kansa, ya tara mudun a ƙasa, ya ce mini in danna. Na danna. Injin ya yi rurinsa na banza, fitilu suka ƙyafta, shinkafa ta zubo fara sol. Mudu ya cika. Ya yi tozo. Har an ɗauka an gama, sai ga wani ɗan tafi guda ya biyo baya, shar, ya gangaro ta gefen mudun ya zube a siminti.

Ku da kuka tashi a zamanin shinkafar leda ba za ku gane ba. A kasuwarmu mace ba ta auna maka mudu ta miƙo haka nan. Sai ta yi masa tozo, sannan ta ɗebo ɗan tafi ta ƙara maka, wannan shi ne gyara. Wadda ba ta gyara, marowaciya ce, ba a komawa rumfarta. Yaya ta ga mudu guda ne cif ya faɗo, irin awon kasuwa, ba buhu ba kamar kullum, hannunta kuwa ya yi abin da ya saba tun tana budurwa, bai tsaya neman izininta ba.

Darakta ya dubi mudu, ya dubi abin da ya zube, ya dube ni ta saman tabarau.

"Malam injiniya, an cire tsakuwa, ai raguwa ya kamata ta yi. Yaya aka yi ta ƙaru?"

A cikin daƙiƙar nan abin da na gani kawai shi ne motar Kano tana juyawa tana tafiya babu mu. Sai na ji bakina ya buɗe da kansa.

"Ranka ya daɗe, ai injin ya daɗe a Lafia, ya zama ɗan gari. Lokacin da ya zo daga Jamus marowaci ne na ƙarshe. Sai da muka zaunar da shi muka ce, kai, nan ba a ba baƙo mudu babu gyara. Yanzu in ya ga babban mutum har rawar jiki yake yi."

Suka fashe. Wani ya riƙe ciki, wani ya dafa injin yana share hawaye. Alhaji ya yi dariyar da ta fi ta kowa tsawo, irin ta wanda aka fasa yankawa. A tsakiyar dariyar nan aka yi tari a bayan bango, tarin mace, wanda aka danne da zane amma ya ƙi dannuwa. Na ga darakta ya ji. Na ga idonsa ya bi bututun har inda ya shige bango, ya tsaya a nan. Mutumin nan ya gane komai, na rantse da wanda raina ke hannunsa. Sai ya cire tabarau ya goge, ya ce lallai fasaha ta ci gaba. Da za su tafi aka cika musu bayan mota da buhuna har tana jan gindi a ƙasa. Har yau in na tuna shi raina ya fi ɓaci da shi a kan Alhaji. Alhaji ɗan kasuwa ne mai tsoron kunya. Shi kuwa an turo shi ne musamman ya duba, ya duba, ya gani, ya goge tabarau.

Da la'asar na shiga ofis da fara'ata, na ce Alhaji, yaushe direba zai shirya? Bai ko ɗago ba.

"Wace mota? Matar da ta kusa tona mini asiri a gaban gwamnati? Ka gaya mata daga yau ta huta."

"Alhaji, ai ranar ta wuce lafiya. Kai ka ce in ta wuce lafiya."

"Sule, kai yaro ne. In na kai ta asibiti da motata, likita ya ce me ya sami idon, a ce tsintar tsakuwa a ina? A wurina? Ka fita ka karanta allo. Ni a wurina babu mai tsintar tsakuwa. Ban san aikin da ya ci mata ido ba."

Na tsaya ina kallonsa. Ni da aka ce ranar da aka haife ni sai da na gaida unguwarzoma, ran nan hannuna ne ya riga bakina, ya fara ɓalle maɓallan riga. Matar da ta wuni a kulle tana shaƙar ƙaiƙayi don ya sami tallafi, yanzu ko laifin da ya kore ta a kai ba zai yarda ta yi ba, tunda a wurinsa babu ita. Na cire farar rigar na ajiye masa a kan tebur.

Washegari ranar kasuwa ce, masu saye sun yi layi har titi. Na zo da guduma da ƙatuwar ƙusa, na zagaya lungu, na buge ƙusoshin ƙyauren nan, na ɗaga shi gaba ɗaya. Ƙyauren ƙarfe ne, a sauran ranaku ƙarti uku ba sa ɗaga shi, amma ran nan da za a ba ni injin ma da na saɓa shi a kafaɗa. Na ɗora shi a amalanke, na turo shi gaba, na jingina shi a jikin allon Alhaji. Na hau buhu na ce, jama'a, duk mai son ganin cikin injin Jamus ya zagaya baya, yau kallo kyauta ne. Suka zagaya kuwa. Suka tarar da mata a zaune cikin ƙura, fari fat kamar an tono su, suna kare fuska da faifai saboda hasken da ba su saba da shi ba.

Na ɗauka za su yi mini guɗa. Wadda ta fara tasowa ita ce Mama Ngunan, wata dattijuwa 'yar ƙabilar Tibi da ta fi kowa daɗewa a ɗakin, ƙawar Yaya ta ƙut da ƙut. Ta zo har gabana, ta cafki wuyan rigata.

"Sule, wa ya aike ka? Mu ne ya ce maka muna so a gan mu? Kai kana da baki, gobe za ka ci da bakinka. Ni yarana da mene za su ci? Ka cire ƙofa, to ka kawo abinci!"

Har yau ba ni da amsar da za ta ƙosar da ita. Gari ya yi surutu na ɗan lokaci, aka yi wa Alhaji dariya a tasha da majalisa, sannan aka koma sayen shinkafarsa, don gaskiya babu tsakuwa a cikinta, kuma mai ci bai damu da wanda ya tsince ba. Alhaji ya kwashe aikin ya mayar wani gida a Kwandere inda babu mai leƙawa, ana kawo tsintacciya a buhu. Matan da za su iya zuwa can suka bi, waɗanda ba za su iya ba suka zauna a gida, har da Mama Ngunan, wadda ta shekara ba ta amsa gaisuwata. Allon bai motsa ba, sai ma sabon fenti da aka yi masa. Ni kuma babu mai inji a Lafia da ya yarda in ko tsaya a inuwarsa. Abin da ya sa kuka tashi kuka gan ni ina kiran fasinja a tasha ke nan, ba don na ƙi karatu ko na ƙi aikin ofis ba, kamar yadda kawunku yake faɗa.

Na sayar da babur ɗina, Larai ta sayar da kwanukan jerenta ba tare da ta gaya mini ba, muka hau jirgin ƙasa ni da Yaya. Jirgin nan ya tsaya a kowane gari, da kowane ƙauye, da wasu wuraren da babu kowa sai dai direban yana da ƙanwar uwa a kusa. Da muka isa Kano muka sami layi, aka shigar da mu wurin wani likita dattijo mai sanyin murya. Ya haska idon hagu ya daɗe, ya haska na dama. Ya ce na hagu an makara, da an zo tun farkon tabon da wata magana ce. Na dama za a yi ƙoƙari, amma sai ya san abin da ke shiga idon.

"Baba, wane irin aiki kike yi?"

Yaya ta sunkuyar da kai. Ya sake tambaya. Sai ta juyo da fuskarta wajen da take jin numfashina, a garin da babu wanda ya san mu, bayan an kore ta, bayan rabin Lafia ya ga ƙawayenta da faifai a cinya, ta rage murya ta ce:

"Sule, a faɗa? Na fa rantse."

Ban san lokacin da na miƙe tsaye ba. Na ce Yaya, faɗi, in akwai zunubi a rubuta a kaina, dama nawa sun yi yawa ba za a lura ba. Ta gyara zama ta fara. Ta faɗi ɗakin, da ƙwan lantarkin, da ƙaiƙayin, da bencin. Ta kira sunan matan ɗaya bayan ɗaya, da wadda ke tari, da wadda bayanta ya ƙage, da wadda ita ma idonta ya fara ja. Ma'aikaciyar jinya ta leƙo tana nuna layin da ke waje, likitan ya ɗaga mata hannu ta koma. Bai katse ta ba har ta kai ƙarshe.

An ceto na daman, gwargwadon yadda za ta gane mai shigowa in ya tsaya a haske. Da shi ta ga aurenku, da shi take gane Bilki ta rame ko ta yi ƙiba. Saboda haka in baƙo ya sake tambayar ku me ya sami idon Goggo, kada wanda ya ƙara ɗora wa Inna. Ku ce shinkafa ta tsince wa mutanen da ba su san da ita ba. In kuma ba za ku iya ba, ku kai baƙon ɗakinta ya tambaye ta da kansa, amma ku ba shi kujera, don tun daga Kano ba ta sake rage murya ba.